Wa Ya Koya wa Samarinmu Ƙin Mata?

  

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari a Karaye ko Rogo bayan sallar lisha ya san yaron da za mu yi magana a kansa. Ya gama sakandare, babu aiki, babu jari, gonar gado kuwa an raba ta har ba ta ciyar da kowa. Ya nemi aure, lefe ya kore shi, aka ba mai hali yarinyar. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 abin ya ƙara tsanani. Takaicinsa na gaskiya ne, ba mu musu. Amma maimakon ya kai kukansa ga masu mulki, sai ya sayi data, ya hau Facebook ko TikTok, ya sauke fushinsa a kan 'ya'yan mutane: wannan 'yar iska ce, waccan bazawara ce mai kashe aure, mata duk kwaɗayi ne da su. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne, da aya da hadisi yake rufe zagin.

To, wa ya ba shi wannan makami? Mu ne, masu hawa mumbari. Shekara da shekaru muna karanta masa rabin aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, muna gaya masa shi ne shugaba, muna haɗiye ɗaya rabin da ya ɗaure shugabancin da ciyarwa. Muka cika kaset da wa'azin biyayyar mace, har da ba'a da kwaikwayon muryarta don masallaci ya yi dariya, amma babin nafaƙa da kyautata zama da haƙƙin wadda aka saka, sai mu wuce shi da sauri kamar garwashi. Yaron ya tashi da yaƙinin cewa an halicce shi sarki, sai ya waiga bai ga masarauta ba. Wanda aka yi wa alkawarin mulki bai samu ba, lalle zai nemi wanda zai taka.

A tuna da 2017, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo maganar dokar iyali, yana cewa wanda ba zai iya ciyarwa ba kada ya ƙara aure. Wannan magana tana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantarwa a zaure, amma aka yi masa ca kamar ya zo da sabon addini. A 2019 kuma, da mata suka fito a ƙarƙashin ArewaMeToo suna faɗin cin zarafin da aka yi musu, nawa ne daga cikinmu suka ce a bincika? Da yawa tambayarsu ita ce: me ya fitar da ita daga gida?

Kada wani ya ce muna kare tsiraici ko fitsarar da ake yi a TikTok. Munkari ne, mun faɗa, za mu ƙara faɗa. Amma jifan mace da zina ba da shaidu huɗu ba, ƙazafi ne, hukuncinsa bulala 80 da zubar da shaidar mai yinsa, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta tabbatar. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000. Yaushe muka ji an yi huɗuba guda a kan ƙazafin da ake rubutawa da yatsa?

Har ta kai wasu samarinmu suna yaɗa maganganun Andrew Tate, wanda ya yi suna da wulaƙanta mata, don kawai ya bayyana musuluntarsa a 2022. Subhanallahi! Jikokin Shehu Usmanu, wanda a Nurul Albab ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, wanda 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, su ne yau ke ɗaukar darasin mazantaka a wurin ɗan dambe.

Muna kira ga limaman Juma'a na masarautar Karaye da malaman Islamiyyu: a karanta ayar har ƙarshenta, a sa babin ƙazafi a darasin samari, a yi wa iyaye magana a kan lefe. Auren gata da gwamnati ta yi wa mutum 1,800 da matansu a 2023 taimako ne, amma gado da katifa ba za su gyara wanda ya shiga ɗaki yana ƙin matarsa tun kafin ya san ta ba.