Cibiyar kansa ta Katsina da makonni bakwai na manomin Funtua

A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ga manoman Funtua da Malumfashi, waɗanda suka saba nufar asibitin Shika a Zariya, wannan ƙofa ce ta biyu. Sai dai ga mai sankarar baki, maƙogwaro ko bayan hanci, samuwar na'urar gashi ba ta wadatar ba.

Dalilin yana cikin ƙarin da kansa. A 2007 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Mark Prince, suka nuna cewa ƙwayoyin irin wannan ƙari ba ɗaya suke ba. Wasu 'yan tsiraru masu ɗauke da alamar CD44 ne ke haifar da sabon ƙari idan aka dasa su a jikin ɓera. Sauran ba sa iyawa. Su ne ake kira uwayen ƙwayoyin daji. Sun fi jure wa gashi da magani, kuma su ake zargi da dawowar cutar da bazuwarta zuwa kaluluwar wuya. Duk wanda ya taɓa nome ƙiri-ƙiri ya bar saiwa a ƙasa ya san yadda abin yake.

Shi ya sa ake yin gashin kwana biyar a mako, har mako shida zuwa bakwai, ba tsallake. Tun 1988 aka nuna cewa wajen mako na huɗu ƙwayoyin da suka tsira kan hanzarta hayayyafa. To, a daidai lokacin ne kumburin kan ragu, baki ya yi gyambo, guzuri ya ƙare. Idan damina ce, ga masara na jiran taki. Majinyaci ya ga sauƙi ya koma gida, alhali ganyen kawai aka sare.

A ganinmu, nan ya kamata gwamnatin Katsina ta zuba kuɗi: masauki kusa da cibiyar, kuɗin mota, da abinci mai ruwa-ruwa ga wanda haɗiya ta gagara. Manyan asibitocin Funtua da Malumfashi kuwa, su riƙa tura duk mai dushewar murya ko gyambon baki da ya wuce mako uku, kafin a gama zagayen masu sakiya.