KEKEN TURA YARA KO ZANEN GOYO? ABIN DA UMARA TA KOYA MINI

Yau hutun labari za mu yi, domin wata ƙawata da ke shirin tafiya Umara da 'ya'yanta ƙanana ta tambaye ni ko ta sayi keken tura yara ko ta bari, na ga amsar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ni dai a Tudun Wadan Gusau nake zaune, kuma duk wanda ya san lungunan unguwarmu ya san ba a yi su don keken yara ba. Ga kwata, ga yashi, ga 'yan acaɓa. Shi ya sa idan aka ga mace tana tura ɗanta a keke sai a ce iyayi ne. Da wannan tunanin na tashi, har zuwa shekarar 2024 da Allah Ya nufe mu da Umara, ni da maigida da mahaifiyarsa da yara biyu, namiji mai shekara 3 da ƙanwarsa mai wata 14.

Ranar da maigida ya shigo da keke mai naɗewa, Hajiya ta dube shi ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, mi za ki yi da wanga abu? Ɗiya tara na goya, ban taɓa tura ko guda ba kamar mai tallan rake." Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, na babban ne." A raina kuwa ina bayanta. Kunyar maigida kawai ta sa keken ya shiga but ɗin mota, muka bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano.

To jama'a, gani ya kori ji. Kuskuren da muke yi shi ne, da an ce keke sai hankalinmu ya tafi kan jariri. Ai jariri ba shi da matsala, zane da majanyi sun ishe shi. Matsalar tana wurin yaron da aka yaye, wanda ya yi nauyin goyo amma ƙafarsa ba ta yi ƙwarin doguwar tafiya ba. Uwa kuma baya ɗaya gare ta. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai kuwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami sau biyar a rana idan da hali. Wane ɗan shekara 3 ne zai jure wannan? Tun a layin duba fasfo a Jidda barci ya kwashe nawa, ba don keken ba da kafaɗar ubansa ta gaya masa.

Akwai kuma abin da ya fi gajiya ban tsoro, wato ɓacewa. Yaro mai ƙiriniya cikin dubban mutane masu fararen kaya iri ɗaya, ga shi ba ya jin Larabci, ƙiftawar ido ta isa ya sulale. Wanda aka ɗaure a keke kuwa an san inda yake.

Amma kada in zalunci Hajiya, ita ma tana da gaskiyarta. A farkon 2024 hukumar kula da Masallacin Harami ta hana shiga da keken yara filin ɗawafi na ƙasa, wanda ke kewaye da Ka'aba. Ta bar shi a benaye da wurin sa'ayi, shi ma idan babu cunkoso. Ɗawafi a bene kuwa zagayensa ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Ranar da na so ganin Ɗakin Allah kusa, zanen nan dai da aka raina shi ya kai ni, yarinya a baya, hannuna biyu a sake. Goyo ba ƙauyanci ba ne, kada wayewa ta sa mu yar da shi.

Don haka shawarata ga ƙawata da duk mai irin wannan tafiya: idan ɗa ɗaya ne kuma bai wuce goyo ba, ki bar kuɗinki ki ƙara guzuri. Idan biyu ne, ko ɗaya mai shekara 2 zuwa 4, ki ɗauki keke, amma marar nauyi, mai naɗewa da hannu ɗaya, ba irin tabkeken nan na nuna wa dangi ba. Yawancin kamfanonin jirgi suna bari a tura shi har bakin jirgi kafin su karɓa, duk da haka a tambaya tun wajen sayen tikiti. Zane biyu da majanyi kuma su kasance cikin jakar hannu, ba cikin akwati ba.

Wallahi ba don jin daɗin yaro kaɗai nake wannan magana ba. Mace ta tara kuɗi shekara da shekaru, ta je gaban Ka'aba, sannan ciwon baya da kukan yaro su hana ta natsuwa ta yi addu'a, wannan asara ce.

Hajiya fa? A Madina ita ce ta riƙa tura jikanta, jarkar zamzam da takalmanta rataye a jikin keken. Da muka dawo ta ce a ajiye shi da kyau, ƙanwar maigida za ta tafi baɗi.

Allah Ya kai wanda bai je ba, Ya maimaita wa wanda ya je. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.