Cocin da Fasto Bai Isa Ya Yanke Hukunci Shi Kaɗai Ba

Duk inda jama'a suka haɗu da sunan addini, abu uku ne ke yawan haddasa rigima a tsakaninsu: wa zai hau mimbari, wa zai riƙe kuɗi, kuma wa ke da ikon ladabtar da wanda ya kauce hanya. Hanya mafi sauƙi ita ce a tattara ukun a damƙa wa mutum guda da aka yarda da tsoron Allahnsa, kowa ya koma gida ya yi barci. Cocin Firesbiteriya ya ƙi bin wannan hanya tun sama da shekara 450 da suka wuce. Ya raba ikon tsakanin fasto da dattawan da jama'a suka zaɓa, ya ɗora majalisa a kan majalisa, ya kuma wajabta rubuta duk abin da aka yanke. A ganina sun yi daidai, kuma ko wanda ba Kirista ba yana da abin dubawa a tsarin. Sai dai tsari ne mai tsada, tarihinsa ma yana da tabo.

Asalin abin daga birnin Jeniba ne, inda a 1541 John Calvin ya tsara majalisar da fastoci ke zama tare da dattawa 12 duk ranar Alhamis domin duba al'amuran masu bi. John Knox, wanda ya zauna a birnin yana gudun hijira, ya koma Sikotilan a 1559, kuma daga 1560 cocin ƙasar ya fara ɗaukar wannan salo. Sarakuna ba su so ba, domin sun fi son bishof-bishof da za su naɗa da hannunsu. An kwashe fiye da shekara ɗari ana kai ruwa rana kafin tsarin ya zauna da gindinsa a 1690. Hujjar masu tsarin daga Littafi Mai Tsarki take: wasiƙar Bulus zuwa ga Titus da ta yi maganar naɗa dattawa a kowane gari, da sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, inda manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima suka warware saɓani ta hanyar shawara. A ƙarƙashin wannan kuma akwai aƙidarsu cewa zuciyar ɗan Adam mai karkata ce, ta fasto da ta manomi duk ɗaya, don haka babu wanda za a sakar wa ragama ba mai tsawata masa.

Ga yadda abin ke gudana a ikilisiya guda. Mambobi ne ke zaɓen dattawa daga cikinsu, malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar asibiti, a keɓe su da addu'a a gaban jama'a. Su da fasto ne ke zama majalisar dattawa, wadda ke karɓar sababbin mambobi, tsayar da lokutan sujada da jibin Ubangiji, da yi wa mai laifi horo. Fasto ne ke jagorantar zaman, amma a Cocin Sikotilan ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. A gefensa akwai magatakarda, galibi ɗaya daga cikin dattawan, da littafinsa a buɗe: wa ya halarta, wa ya kawo shawara, wa ya goyi baya, me aka yanke. Dattijon da bai gamsu ba yana da damar cewa a rubuta sunansa cikin waɗanda suka ƙi, ya kuma ɗaukaka ƙara. Littafin nan ba ya ƙarewa a aljihun magatakarda, domin majalisar gunduma tana karɓarsa ta duba a kai a kai. Kuɗin baiko da gyaran gini da taimakon mabukata kuwa, a ikilisiyoyi da yawa suna hannun dikinoni ko wani kwamiti na dabam, kuma ana karanta wa jama'a lissafi a taron shekara.

Wani zai ce ai an ɗaure fasto ne aka miƙa wa dattawa igiyar. Ba haka ba ne, kuma a nan hikimar tsarin ta fi fitowa. Jama'a ne ke kiran fasto, amma majalisar gunduma, wadda ta haɗa fastoci da wakilan dattawa na ikilisiyoyin yanki guda, ita ke jarraba shi, ta naɗa shi, kuma ita ke da hurumin hukunta shi ko raba shi da ikilisiyar. Saboda haka dattawa ba za su wayi gari su kore shi don wa'azinsa ya taɓa wani mai kuɗi ba, shi ma ba zai sayar da filin coci ko ya gadar wa ɗansa mimbari ba. Sama da gunduma akwai majalisar yanki a wasu ƙasashe, sannan Babban Taro na ƙasa baki ɗaya, inda adadin dattawa ke daidai da na fastoci. A Sikotilan shugaban Babban Taro shekara ɗaya yake yi ya sauka. Sarkin Birtaniya yakan aiko wakili ya zauna ya saurara, amma ba shi da ƙuri'a. Tun 1697 ma akwai dokar da ta hana Babban Taron kansa sauya aƙida ko tsarin mulkin coci sai ya mayar da batun ga gundumomi, mafi yawansu sun amince.

Ana gane ƙarfin tsari ne ranar da riƙe shi ya zama asara. A 1711 majalisar dokokin Birtaniya ta maido wa manyan masu filaye ikon zaɓar wa ikilisiyoyin Sikotilan fasto. A 1834, a garin Auchterarder, mai filin ya gabatar da wani Robert Young. Mutum biyu kacal daga jama'ar suka sa hannu a takardar kiransa, magidanta sama da 280 cikin 330 suka ce ba sa so. Majalisar gunduma ta ƙi naɗa shi, shi kuma ya garzaya kotu, kuma a 1839 kotun ƙoli ta lokacin ta ba shi gaskiya. Ranar 18 ga Mayu 1843, da aka buɗe Babban Taro a cocin St Andrew da ke Edinbara, shugaba mai barin gado, David Welsh, ya karanta takardar ƙin amincewa, ya ajiye ta a kan tebur ya fice, Thomas Chalmers da jerin gwanon fastoci da dattawa suka bi bayansa a ƙasa har zauren Tanfield. Daga ƙarshe fastoci fiye da 450 cikin kimanin 1,200 suka rabu da albashinsu da gidajen da coci ya ba su. Cikin 'yan shekaru jama'arsu suka gina majami'u sama da 700 da kuɗin karo-karo. Sai a 1874 gwamnati ta soke waccan doka. Talakawan da suka saba zaɓe da riƙe lissafi ne kawai za su iya ɗaukar irin wannan nauyi ba tare da jiran wani babba ba.

Tsarin ba baƙo ba ne a Najeriya. Ɗan mishan Hope Waddell ya iso Kalaba a 1846 tare da abokan aiki daga Jamaika, bayan gayyatar sarakunan Efik. A 1858 aka kafa majalisar gunduma ta farko a can, a 1872 aka naɗa Esien Esien Ukpabio, fasto na farko ɗan ƙasa. Bisa ƙa'idar tsarin, daga ranar da aka naɗa shi kujerarsa a majalisa ɗaya take da ta Baturen da ya koyar da shi, tun ana sauran shekaru da dama kafin a yi tunanin ba ɗan ƙasa irin wannan matsayi a ofishin gwamnati. A Gana ma cocin Firesbiteriya na cikin manyan ɗarikun ƙasar. A Binuwai da Taraba kuwa, cocin NKST na Tibi da cocin CRCN dangin wannan tsari ne, da majalisun dattawansu.

Suka ta farko da ake yi ita ce jinkiri. Abin da mutum ɗaya zai yanke kafin azahar, su sai an kafa kwamiti, an kawo rahoto, an jira zama na gaba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa majami'un da ke hannun mai kafa su guda ɗaya sukan fi saurin buɗe rassa. Amma saurin nan rance ne da ake biya daga baya. Ranar da mai kafawar ya rasu ko ya yi abin kunya, babu littafin da za a buɗe, babu majalisar da za a kai ƙara, sai 'ya'ya da mataimaka su kwashi juna zuwa kotu a kan takardun fili. Jinkirin wata uku kafin a sayi mota ya fi sauƙi a kan shari'ar shekara goma.

Suka ta biyu ita ce yawan ɓallewa. Sikotilan ta sha rabuwa, Amurka ma haka, a Koriya ta Kudu kuwa ɗarikun Firesbiteriya sun haura ɗari. Babu musu, inda kowa ke da bakin magana, wanda aka kayar a ƙuri'a yakan ga hanyar fita a buɗe. Sai dai rabuwar da aka yi a kan takarda, da dalilai a rubuce, ana iya ɗinke ta. Mafi yawan waɗanda suka fice a 1843 zuriyarsu sun koma gida a 1929, manyan ɓangarorin arewa da kudu na Amurka da suka rabu a 1861 sun haɗe a 1983. Shirun da ake gani a ƙarƙashin mutum ɗaya sau da yawa tsoro ne, wanda bai gamsu ba kuma yakan sulale ne babu wanda ya ji dalilinsa.

Suka ta uku ta fi nauyi: majalisa ma tana zalunci. Dattawan Sikotilan na da sun yi suna wajen leƙen asirin mutane, suna zaunar da wanda aka kama da laifin fasiƙanci a kan kujerar tuba a gaban jama'a ranar Lahadi, kuma nauyin ya fi faɗa wa mata da marasa galihu. Mata ba su sami damar zama dattawa a Cocin Sikotilan ba sai 1966, fastoci kuma sai 1968. Cocin waɗanda suka fice a 1843, wanda aka yaba wa jarumtarsa, ya karɓi gudummawa daga masu bayi na kudancin Amurka, kuma da Frederick Douglass, mai yaƙi da bauta, ya zagaya Sikotilan a 1846 yana kira a mayar da kuɗin, Babban Taron bai mayar ba. Rinjayen ƙuri'a ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Abin da za a ce kawai shi ne, duk waɗannan kurakurai an tafka muhawara a kansu a fili, suna nan a rubuce da sunayen waɗanda suka ƙi, kuma ta ƙofar da aka yi su aka gyara wasu daga cikinsu. Haɗarin dattawa su zama wasu ƙananan sarakuna shi ya sa babban cocin Firesbiteriya na Amurka ya ƙayyade wa'adin zama a majalisa zuwa shekara uku, ba a kuma wuce shida a jere. Wannan gyara ne da ya kamata masu barin dattijo a kujera har mutuwa su duba.

Ba na cewa kowace ƙungiya ta zama Firesbiteriya, kowane addini da tafarkinsa, kuma shawara ba sabon abu ba ce a wurin Musulmi ko Kirista. Abin da tarihin wannan coci ya tabbatar shi ne, shawara ba ta ɗorewa da kyakkyawar niyya kawai, sai an yi mata dokoki. Duk mai ba da kuɗinsa a coci ko masallaci ko ƙungiyar ci gaban gari yana da haƙƙin tambaya: wa ya zaɓi masu riƙe asusu, yaushe wa'adinsu zai ƙare, ina littafin zama, kuma wa ake kai wa ƙarar shugaba idan ya yi ba daidai ba? Shugaba na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. A yi su tun ana zaman lafiya, kada a bari sai rigima ta ɓarke.