Sharhi Kan Tarihin Kai da Abin da Yake Bayyanawa

Wannan sharhi zai duba tarihin kai, wato littafin da mutum yake ba da labarin rayuwarsa a cikinsa, ko dai ya rubuta da hannunsa ko kuwa ya faɗa da baki wani ya rubuta masa, tare da abin da irin wannan littafi yake bayyanawa game da mai shi da al'ummar da ta raine shi. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma haka ne, sai dai mai ba da labarin kansa zaɓe yake yi, ya faɗi wannan ya tsallake wancan, saboda haka mai karatu da lura yakan ƙaru da abin da aka tsallake kamar yadda yake ƙaruwa da abin da aka faɗa.

Ƙasar Ƙwanni tana da alaƙa da ɗaya daga cikin tsofaffin misalai a ƙasar Hausa, domin a nan ne kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka daɗe zaune bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehun a 1754. Ƙanensa, Malam Abdullahi, ya bar littattafai biyu na Larabci da suka shafi rayuwarsa. A cikin Ida'un Nusukhi ya jera malaman da ya yi karatu a gabansu, ciki har da wansa Shehu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya sauke a wurin kowannensu, kuma wannan tsari kaɗai ya isa ya nuna al'ummar da take auna darajar mutum da silsilarsa, wato jerin malaman da ilimi ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Na biyun, Tazyinul Waraƙati na 1813, ya fi tona zuciya. A ciki ya tara waƙoƙinsa yana bayyana dalilin yin kowace, ya ba da labarin yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, sannan ya faɗi abin da masu rubuta tarihin nasara suka saba rufewa, cewa a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda ganin son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan jama'a, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Samun irin wannan magana daga bakin babban wazirin tafiyar ya fi kowace suka ta abokin gaba nauyi.

Daga nan sai waɗanda ba su riƙe alƙalami ba, aka rubuta musu. Dorugu, yaro ne daga Dambanas ta wajen Kance a ƙasar Damagaram, wanda mahara suka kama aka sayar, Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, sannan ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ta Katsina da Sakkwato da Say har Tambutu, daga bisani ya isa Ingila a 1855. A can ya faɗa wa ɗan mishan Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Ita kuwa Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877, ta zauna da Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, ta yi riƙon 'ya'yan wasu, kuma ta bayyana ƙawance da biki da bori da zaman kishiyoyi dalla-dalla, al'amuran da babu wani tarihin sarakuna da ya tsaya a kansu.

Haɗa waɗannan biyu wuri guda yana koyar da abu mai muhimmanci. Dorugu ya ga bauta daga ƙasa, a matsayin yaron da aka raba da iyayensa aka yi ta sauya masa iyayengiji. Baba ta gan ta daga gidan masu rinji, wato ƙauyen da bayi suke zaune suna noma wa ubangijinsu, shi ya sa ta yi murna da zuwan Turawa ya kawo ƙarshen hari da satar mutane a hanya, amma kuma ta ambaci yadda bayin gidansu suka watse, arziki ya ragu. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa ya faɗi abin da ya hango daga inda yake tsaye. Akwai kuma abin lura na biyu, shi ne cewa Bature ne ya yi tambaya, shi ne ya zaɓi abin da za a buga, domin Schön harshe yake nema don aikin mishan, Mary Smith kuma tana taya mijinta binciken zamantakewar Zazzau, saboda haka muryar ta Bahaushe ce amma akalar tana hannun wani.

Littattafan shugabanni ba sa bukatar dogon bayani. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fitar da My Life a 1962 yana kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa, kuma mai mulki da ke rubutu yana kan mulki hujjar kansa yake kafawa, shi ya sa asalinsa daga gidan Shehu ya sami babban gurbi a littafin. A Nijar, Bubu Hama, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974, ya saka labarin kansa cikin Kotia-Nima, inda ya fake da wani suna ya bayyana halin yaron ƙauye da aka kai lakwal ya tashi tsakanin tarbiyyar gida da ta Faransa.

Abin da ya fi taɓa yankin Ƙwanni shi ne giɓin da ke nan gida. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙwanni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa ta ƙone gari, kafin a kai ga kisan Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli. Hafsan Faransa Joalland, wanda yake cikin wannan runduna, ya rubuta nasa labarin aka buga da sunan Le Drame de Dankori, kuma tun daga sunan ana gane cewa rikicin hafsoshin Faransa a tsakaninsu shi ne abin da ya dame shi. Waɗanda suka tsira a Ƙwanni sun bar nasu labarin a bakin 'ya'ya da jikoki, kuma kowace shekara masu riƙe da shi raguwa suke yi. Wannan babban rashi ne, kuma bai tsaya ga 1899 ba, domin akwai tsofaffin ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza, da manoman albasar Galmi, da 'yan ci-rani na Adar da suka yi shekaru suna kai da komowa tsakanin Illela da Legas da Abijan, da matan da suka riƙe gidaje a yunwar 1973 da ta 1984, dukkansu suna ɗauke da tarihin da babu shi a kundin gwamnati.

Tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yanzu ake kira CELHTO, amma cibiya ɗaya ba za ta shiga kowane zaure ba. Kira a nan shi ne ga gidajen rediyon yankin, da malaman lakwal da na allo, da ɗaliban Jami'ar Tawa, da duk mai wayar salula a aljihu, da su zauna gaban dattawa maza da mata, su nemi izininsu, su naɗi maganarsu da Hausar da suke yi ba tare da gyara ba, a rubuta ta da boko ko da ajami, a saka suna da gari da shekara, a kuma bar wa iyalin mai labarin nasu kwafi.