Makarantun horon malamai: wa zai shiga, kuma me zai tarar in ya fito?

Tun ranar 26 ga Maris 2025, da aka sa hannu kan kundin sake gina ƙasa wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, magana ta fi karkata ga littattafai da manhaja. Ba a cika tambayar wanda zai riƙe alli ba. Alhali daga Askia Mohamed ta Damagaram, Bawa Jangorzo ta Maraɗi, Kaocen ta Tawa da sauran makarantun horon malamai, wato ENI, amsar za ta fito.

Shekara da shekaru ƙofa biyu aka riƙa shiga waɗannan makarantu: mai takardar BEPC ya fito mataimakin malami, mai bak ya fito cikakken malami. Dattawanmu da suka bi wannan hanya bayan samun ƴancin kai sun shige ta suna matasa, suna kwana a makaranta, gwamnati na ciyar da su, kuma suna fitowa lambar aiki na jiransu. Yaro mai ƙwazo daga ƙauye yakan zaɓi koyarwa da gangan.

Tsuke bakin aljihu na shekarun 1990 ya karya wannan tsari. Daga 1998 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi, har suka fi masu lambar aiki yawa nesa ba kusa ba. An cika azuzuwa, gaskiya ne, domin ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna jama'arta na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara ba ta iya jira. Amma a 2017, lokacin da minista Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka sami 10 bisa 20. Kafin nan binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƴan ajin CM2 ba su kai matakin da ake so ba a karatu.

Daga nan ne ra'ayin rufe ƙofar BEPC ya yi ƙarfi: a ɗauki mai bak kaɗai. Hujjar tana da nauyi, domin wanda bai iya raba lamba ba ba zai koyar da ita ba. Sai dai mai bak yana da jami'a a gabansa, yana da jarrabawar jandarma da ta kwastan. Wanda zai yarda a tura shi aji na zana a bayan Dakwaro ko Tanut, kan kuɗin wata da bai kai jaka 100 ba, kuma yakan yi jinkirin zuwa, galibi wanda sauran ƙofofi suka rufe masa ne. Da ya ga wata kafa zai ajiye alli.

A ganina akwai hanyar da ta fi wannan: a kama yaro tun ya gama kwaleji, a ba shi shekara uku na karatun lise haɗe da koyon aikin koyarwa, ya fito da bak ɗinsa da sana'arsa tare. Shekara ukun nan sun isa a cike giɓin lissafi da rubutu da ya taho da shi, a kuma koya masa rubuta Hausa bisa ƙa'ida, abin da jin harshe kaɗai ba ya bayarwa (mu da muka yi boko da Faransanci mun san wuyar ƙ da ɗ a kan takarda). Ƙasar nan ma ba baƙuwa ba ce a fannin, tun shekarun 1970 take da makarantun gwaji masu harshe biyu. Ga ƴan mata kuwa, makarantar kwana mai sana'a a ƙarshenta hujja ce da uba zai saurara kafin ya amsa maganar aure.

Tsarin yana da tsada, ga abinci, ga ɗakin kwana, ga kuɗin tallafi. Kuma iyaye ba za su saki ɗa mai shekara 16 ba sai gwamnati ta rubuta cewa wanda ya gama zai sami lambar aiki, ba kwantaragi ba. Wannan alkawari yana hannun ofishin ministan kuɗi da na ma'aikatan gwamnati, ba na ilimi kaɗai ba.