A daina tsorata mu da fashewar tauraro

1/ Zare 🧵 Masu tura bidiyon "tauraro zai fashe, duniya za ta tashi" a guruf-guruf na WhatsApp daga Birnin Kebbi har Argungu, yau da ku nake. Kiɗan ban tsoro, muryar na'ura, hoton wuta. Ilimi ko ƙwaya babu.

2/ Tauraron da suke nufi sunansa Betelgeuse, sunan kuma daga Larabci ya samo asali. A ƙarshen 2019 haskensa ya dusashe, sai ihu ya tashi wai zai tarwatse. A 2020 hasken ya dawo. Masana suka gano ƙura ce shi da kansa ya fesar ta kare shi. Amma har yau tsohon labarin ake jujjuya mana.

3/ Zai fashe? Eh. Babban tauraro in makamashin cikinsa ya ƙare, tsakiyarsa ce ke ruftawa, sauran jikin ya watse. Shi ake kira supernova. Yaushe? Lissafin masana ya ce cikin shekara 100,000 masu zuwa. Mai bidiyo ya ce "wata mai zuwa". Haba malam!

4/ Nisansa ma, haskensa sai ya yi tafiyar sama da shekara 500 kafin ya iso idonka. In ya fashe za mu ga haske a sama har da rana, shi ke nan. Ko kifin Matan Fada ba zai ji ɗumi ba.

5/ Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa "duk ƙaryar Turawa ce". A 1006, Ali ibn Ridwan, wanda ya zama babban likita a Alƙahira, ya ga sabon tauraro mai tsananin haske ya rubuta bayaninsa. A 1054 masanan Sin suka ga wani, ana ganinsa da rana tsawon kwana 23. Ɓurɓushinsa na nan har yau. Duniya ba ta tashi ba.

6/ Abin da ke ƙona min rai: ƙannenmu na sakandare wannan ne karon farko da suke jin ilimin taurari da Hausa, sai aka ba su firgici. Alhali sinadarin ƙarfen da ke cikin jininsu irin wannan fashewar ce ta watso shi. Wannan bai isa labari ba?

7/ Kakanninmu sun san Zara, sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'ya'yanta. Mu kuma data muke ƙonawa a tsorata mu.

8/ Kafin ka tura bidiyo, tambayi mai shi: wa ya faɗa, yaushe, nisan nawa? In bai da amsa, mabiya yake nema.

9/ Daga Disamba zuwa Maris, daren da babu hazo, fita bayan isha'i. Nemi taurari uku a jere, kusa da su akwai wani ja-ja. Shi ne. Kalla da idonka, kyauta ne. Ku yaɗa zaren nan ya kai ga masu turawar.