Ƙarar Injin Niƙa da Kunnuwan Yaranmu



A shekarar 2010 duniya ta san sunayen Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400. Gubar ta fito ne daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gari. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka yi wa yara magani. An yi ta maganar ƙura, kuma ta cancanci a yi. Amma injin da ke niƙa duwatsun yana da wata ɓarnar da ba a cika ambata ba, wato ƙararsa.

Duk wanda ya tsaya kusa da inji yana cin dutse ya san sai ya yi ihu kafin na kusa da shi ya ji shi. Wannan kaɗai alama ce ta cewa ƙarar ta wuce kima. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana yini a cikinta awa takwas kullum, tana cinye ji a hankali. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Babu jini, babu ciwo. Yaro zai tashi daga aiki kunnensa na shuuu, gobe ya koma. Bayan shekaru sai a ji yana yawan cewa "me aka ce?", a ɗauka raini ne, alhali kurumta ce ta kama shi tun yana saurayi.

A cikin garin Gummi ma ba a tsira daga ƙara ba. Ga janareta a bakin shaguna, ga lasifikar masu tallar magani, ga kiɗan biki har tsakar dare. Ƙarar dare tana hana barci, rashin barci kuma yana taimaka wa hawan jini.

Tun 2009 hukumar kare muhalli ta NESREA take da dokar taƙaita ƙara, amma mai inji ba sai ya jira hukuma ba. Ya saya wa yaransa abin toshe kunne, ya riƙa sauya su a bakin aiki, ya kuma fitar da injin bayan gari, nesa da inda jarirai ke kwana. Wanda kuma kunnensa ya fara amo, ya je asibiti a duba shi tun da sauran ji.